Masu ɗibar iska da hazon Arewa

Dogon Dutsi da wani ƙauye mai suna Banizumbu, duka a Nijar, kusan layi ɗaya suke a taswira. Ɗora yatsa a kan Dutsi, ka ja shi yamma sak, ka fita daga Dallol Mawri, ka tsallake Dallol Boso, bayan wajen kilomita 150 sai ka sauka a kansa, cikin ƙasar Fakara, saura kamar kilomita 60 ka shiga Yamai. Da wuya ka sami Ba'aren da ya san sunan ƙauyen a kasuwar Dutsi, alhali a jami'o'in Faransa da Ingila da Amurka akwai waɗanda suka san Banizumbu fiye da yadda suka san Doso. Dalili kuwa, tun cikin shekarun 1990 ake aunar iskar wurin, ana tace ta, ana aika abin da aka samu ƙetare. Abin ya shafe mu, domin hazon hunturu daga arewa maso gabas yake gangarowa, hadarin damina kuma daga gabas yake tasowa. Ƙurar da ake aunawa a can, mu ne muka fara shaƙarta a Matankari da Kiyeshe da Tibiri da Kore Mairuwa.

Shekarun da na yi ina koyar da kimiyya a koleji, in muka zo darasin iska ba a rasa yaron da zai ɗaga hannu ya ce, "Mushe, yaya ake ɗibar abin da ba a gani?" Amsar tambayar nan masana sun fi shekara 200 suna gyaranta. Wahalar ita ce, duk kwalbar da ka ce ba komai cikinta, cike take da iskar inda ka ɗauko ta. In kana son iskar wani wuri, sai ka fara fitar da ta farko. Wanzamai sun daɗe da sanin wannan: in zai yi maka ƙaho, zuƙe iskar ciki yake yi ya toshe bakin, ƙahon ya kama fata ya jawo jini da kansa. Haka tulun ɗibar iska yake aiki. A ɗakin gwaji ake zuƙe cikinsa ƙarƙaf a rufe. Ka kai shi inda kake so, ka murɗa ɗan famfon da ke bakinsa, shi da kansa zai ja iskar wurin, ba lantarki ba inji.

Da kwalba aka fara. A watan Satumba na 1804 wani Bafaranshe, Joseph Louis Gay-Lussac, ya hau balan-balan shi kaɗai daga Paris, ya yi sama har ya wuce mita 7,000, ya buɗe kwalaben da ya tafi da su a zuƙe. Da ya sauko ya gwada, sai ya tarar haɗin iskar can sama ɗaya yake da na ƙasa. A 1860 Louis Pasteur ya yi abin da ya fi wannan amfani ga lafiyar mutane. Ya dafa romo cikin kwalabe, ya narke bakinsu ya liƙe tun suna tururi, yadda iskar ciki ta riga ta fice. Ya ɗauki 20 ya fasa bakinsu a filin karkara kusa da garinsu Arbois, ya sake liƙewa, 8 suka lalace. Wasu 20 a kan tudu, 5 suka lalace. Wasu 20 kuma ya hau da su kan ƙanƙarar dutsen Alps, a tsayin kusan mita 2,000, ɗaya tak ta lalace. Da wannan ya nuna cewa abin da ke ruɓar da abinci a iska yake yawo, kuma iskar wani wuri ta fi ta wani ɗaukarsa. Yakan ɗaga kwalbar sama da kansa kafin ya fasa bakin, don kada ƙurar rigarsa ta faɗa ciki.

Wannan taka-tsantsan shi ne rabin sana'ar har yau, kuma wanda ya kai shi maƙura Ba'amurke ne, Charles David Keeling. A 1955 ya riƙa yawo da kwalabe masu cin lita 5, naɗe da tef don kada su tarwatse a hannunsa, yana ɗibar iska a dazuzzuka da bakin teku na Kalifoniya. Ƙa'idarsa ita ce mutum ya fuskanci inda iska ke fitowa, ya riƙe numfashinsa, ya yi ƴan taku gaba, sannan ya buɗe. In ya kuskura ya yi numfashi kusa da bakin kwalbar, kansa ya auna, ba sararin Allah ba. Da wannan naci ya gano cewa da rana, nesa da gari, iskar kabon dayoksaid kusan adadi ɗaya take ko'ina, wajen kashi 310 cikin miliyan. A Maris 1958 aka fara awo a kan dutsen Mauna Loa na Hawai, aka sami 313. Yau ta haura 420. Duk maganar ɗumamar duniya da muke ji a rediyo, da tarurrukan da ministocinmu ke zuwa, kan wannan lissafin take zaune. Hukumar kula da teku da sararin sama ta Amurka tana da wuraren da ake cika mata kwalabe biyu-biyu duk mako ana aikawa Boulder a jihar Kolorado. Ɗaya daga cikinsu yana Asekrem, kan duwatsun Hoggar kusa da Tamanrasat, garin da ƴan Arewa masu tafiya bida suka sani sarai. Tun 1995 ake ɗiba a can.

Kwalba tana fashewa, kuma wasu sinadaran ba su jure zama cikinta. Shi ya sa aka koma tulun ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda aka goge cikinsa sumul ko aka shafe shi da siliki na gilashi, don kada abin da aka ɗebo ya manne a bango. Wanda aka fi amfani da shi lita 6 yake ci. In ka buɗe shi gaba ɗaya, bai kai minti guda ba ya cika. In ka ɗaura masa maƙogwaro mai rage gudu, sai ya yi awa 8 ko 24 yana tsotsa a hankali, ka sami iskar yini duka. Akwai agogon matsi a bakinsa. Mai ɗiba zai rubuta abin da allura ta nuna kafin ya buɗe da bayan ya rufe, kuma ba a bari ya cika maƙil. Ɗan gurbin da aka rage shi ne shaida. In tulu ya isa ɗakin gwaji allura ta koma sifiri, an san ya yi yoyo a hanya, iskar bayan mota ce ko ta sito a ciki, sai a zubar. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta rubuta wannan tsari, wanda aka fi sani da TO-15, a 1999, kuma bisa ga shi kwana 30 ake ba tulu ya isa gaban na'ura. Na'urar tana raba iskar sinadari-sinadari, tana iya gane abin da bai wuce kashi ɗaya cikin biliyan ba.

Abin da tulun ya tono yana da ban mamaki. Sherwood Rowland da Donald Blake na jami'ar Kalifoniya da ke Irvine sun ɗebi iskar birnin Meziko, inda kowa ke ɗora laifin hayaƙi kan motoci da masana'antu. A 1995 suka buga cewa wani babban kaso na ƙazantar daga butalin gas na girki yake, wanda ke yoyo a gidaje ba wanda ya kula. Mutanen wannan jami'ar ne kuma aka cika wa tuluna a Makka lokacin aikin Hajjin 2012. Iska mafi muni a hanyoyin nan na ƙarƙashin dutse aka same ta, inda motocin alhazai ke cunkushewa, mutane na tafe a ƙasa gefensu: kabon monoksaid mai yawa, da benzen, sinadarin da ke cikin mai wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Duk alhajin da ya bi ramukan nan ya dawo da tari ya san wurin da ake nufi.

To, mu dawo gida. Kakanninmu ba su ɗebi iska a tulu ba, amma sun rarrabe ta. Sun san hazo dabam, guguwa dabam, holoƙon da ke zuwa gaban ruwan fari ya mai da rana dare shi ma dabam. Sun san watan da leɓe ke tsagewa da watan da wuyan yara ke sanƙarewa. Turawa kuwa daga teku suka fara lura da ƙurarmu. A 1781 wani likitan Ingila, Matthew Dobson, ya rubuta bayanin iskar hunturu daga labarin masu zuwa gaɓar Gini. A Janairu 1832 Charles Darwin, cikin jirgin ruwan Beagle kusa da tsibiran Kap Ber, ya tattara ƙurar da ke sauka a jirgin, daga baya aka kai wa Christian Ehrenberg a Berlin, ya duba da madubin ƙara girma ya ga ɓawon ƙananan halittun ruwa a ciki. Ƙura daga hamada, ɗauke da gawar abin ruwa! Bayanin yana arewacin Cadi, a kwarin Bodele, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe tun da daɗewa. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashe farar ƙasar, kusan kwana 100 a shekara. Babu wuri ɗaya a duniya da ya kai shi tayar da ƙura, kuma mu muna kan hanyarta.

Har akwai wata ƴar alaƙa tsakanin kwarin nan da iyakarmu. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, Dutsi da Matankari suka faɗa ciki, ɓangaren Ingilishi. Aka gyara a 1904, sannan daga 1906 aka turo tawagar kyaftin Jean Tilho ta kafa alamun iyaka daga Kwara zuwa tafkin Cadi. Tawagar ta tafi da ma'aunin zafi da na nauyin iska tana rubutawa. Tilho ɗin nan shi ne ya bi ƙasar da ke bayan tafkin ya nuna cewa Bodele ya fi tafkin Cadi kansa zurfi.

Yunwar 1973 ce ta sa aka ɗauki sararin Sahel da gaske. A 1974 aka kafa cibiyar nazarin yanayi ta AGRHYMET a Yamai. A 1992 masana daga Turai da Amurka suka sauka da jirage da hasumiyoyi don wani babban bincike mai suna HAPEX-Sahel. Sun zaɓi murabba'i ɗaya na taswira, daga digiri 13 zuwa 14 arewa, daga 2 zuwa 3 gabas. Dogon Dutsi yana kan digiri 4. Digiri ɗaya rak ya raba mu da zama filin gwajin, kuma ba wani sirri a ciki: kusa da filin jirgin sama da otal ake kafa irin wannan aiki. Daga nan Banizumbu ya samu shiga. Aka kafa masa abin tarar ruwan sama don a gwada abin da ke cikinsa, aka kafa na'urar da ke duban rana tana auna kaurin hazo, daga 1998 kuma aka riƙa rataya wasu ƴan ƙananan faifai masu tsotsar gas, ana sauya su duk wata. Jami'ar Abdu Mumuni tana cikin aikin, amma a Tulus ake gwada faifan. An gano iskar karkararmu tana da amoniya da yawa saboda kashi da fitsarin dabbobi, kuma ƙurar da muke kuka da ita tana kashe tsamin ruwan sama.

Shekarar 2006 ita ce ta fi kowace. Shirin AMMA, na binciken damina a Afirka ta Yamma, ya mai da Yamai sansani. Amurkawa suka girke ɗakin gwaji na tafi-da-gidanka a filin jirgi shekara guda cur, ya kuwa yi sa'ar kama gagarumar ƙurar farkon Maris ɗin shekarar, wadda ta rufe Sahel kwana da kwanaki. Aka saki balan-balan daga Damagaram. Jirgin binciken Ingila, BAe-146, ya zauna a Yamai cikin ɗari, ya sake dawowa cikin damina, yana tashi ƙasa-ƙasa yana cika tulunan ƙarfe da ake kaiwa Ingila. Ranar 8 ga Agusta ya je ya kewaye Legas don a ƙiyasta hayaƙin da birnin ke fitarwa. Abin da ya fi burge ni cikin sakamakonsu na manoma ne: in ruwa ya sauka kan busasshiyar ƙasa, ƙwayoyin da ke barci a cikinta suna farkawa su saki iskar nitrojin oksaid, har jirgi na iya gane inda aka yi ruwa jiya daga iskar da ke bisa wurin.

Sai dai tulu gas yake kamawa, ba ƙura ba. A bakinsa ma akwai matacin da ke hana ta shiga. Mu kuwa a Arewa ƙura ce babbar damuwarmu, kuma ita da wata na'ura dabam ake auna ta, mai zuƙo iska ta tara ƙurar kan ɗan mataci tana auna nauyinta duk minti 5. A 2006 aka jera irinta uku a layi: Banizumbu, Sinzana a Mali, da Mbur a bakin tekun Senegal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙura mai laushin da ke shiga ƙirji kada ta wuce mikrogiram 45 cikin mita kubik a yini. A Banizumbu, cikin rani, ninka wannan sau da yawa ba labari ba ne. Amma ƙura mafi kauri ta ɗan lokaci ba hunturu ke kawo ta ba, holoƙon Mayu da Yuni ne, kuma ita ba daga Cadi take ba. Ƙasar gonakinmu ce, wadda aka share aka bari tsirara ana jiran shuka. Binciken da aka yi a gonakin Fakara ya nuna saura tana riƙe ƙasa, gona kuwa tana asararta, kuma ko ɗan karan geron da aka bari a kwance yana rage ɓarnar ƙwarai. Na san abin da manomi zai ce: in ya bar kara, me dabba za ta ci, da me za a yi darni? Gaskiyarsa. Amma gara ya san cewa jan bangon nan da ke tasowa daga gabas, albarkar gonarsa ce ke tafiya.

Ga kuma sanƙarau. Tun 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana ɗamarar ƙasashen da cutar ke addaba, Nijar na tsakiyarta. Tana tashi cikin rani, ta kai ƙarshen zafinta a bazara, ruwa na sauka ta lafa. Masana sun fi karkata ga cewa busasshiyar iska da ƙura suna ƙuje fatar maƙogwaro, ƙwayar da ke zaune can lafiya lau ta sami ƙofar shiga jini. A 1996 mutum fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, wajen 25,000 suka rasu. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta karya nau'in A, muka ɗauka an gama. A 2015 nau'in C, wanda ya fara ɓulla a Kabi da Sakkwato, ya tsallako. Gundumar Dutsi tana cikin waɗanda suka fara ji a jika. Zuwa ƙarshen Yuni an ƙidaya mutum 8,500 a Nijar, 573 sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. A Afrilu har makarantun Yamai aka rufe.

Abin lura a wannan annobar shi ne inda aka gano nau'in cutar. Ruwan bayan da aka ɗiba daga marasa lafiya a asibitocin karkara, Yamai aka kai shi, cibiyar CERMES, wadda tun farkon shekarun 2000 take wannan gwaji, kuma ƴan ƙasa ne ke yi. Amsa na fitowa cikin kwanaki, a san allurar da za a nema. Iska kuwa, wadda ake zargi da buɗe wa cutar ƙofa, tarihin gwajinta kusan duk a Tulus da Paris da York da Boulder aka rubuta shi. Ban raina aikin baƙin nan ba. Ba don su ba, da ba mu da lissafin shekara da shekaru na abin da muke shaƙa. Kuma duk mai hankali ya san ba Bature ne ke kwana a ƙauye yana share na'ura bayan kowace guguwa ba, ƴan ƙasa ne, waɗanda sunansu kan zo a ƙarshen takarda wajen godiya. Abin da nake ƙi shi ne tsarin da ke sa tambayar ta zama ta mai na'ura. Wanda ya biya kuɗin jirgi yana son ya san yadda ƙurar Sahel ke taɓa yanayin duniya da guguwar tekun Atlantika. Tambaya ce mai kyau, amma ba ita ce ta uwar da ɗanta ke tari a Dumega ba.

Da za a danƙa mini tulu uku a ce in zaɓi wuri, ba zan hau dutsen da garinmu ya ci sunansa ba, ko da yake can ne masana za su so, don iskarsa ba ta gauraya da ta gari. Na farko zan buɗe shi a tasha ranar kasuwa, lokacin da manyan motocin hanyar Yamai zuwa Ƙonni suke tsaye injinsu na aiki, ƴan kabu-kabu na kewaya su. Na biyu a rumfar masu sayar da mai a kwalba, inda yaro ɗan shekara goma sha ke yini yana juye esansi da mazurari, wani lokaci ma da baki yake jawo shi ta tiyo. Benzen ɗin da aka samu a ramukan Makka, nan ne gidansa.

Na uku kuwa madafa zan kai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a 2020, kuma a ƙauyukan Arewa da itace da kara da kashin shanu ake girki, cikin ɗari ma har a ɗaki ake hura wuta a rufe ƙofa. Shi wannan zan ɗaura masa maƙogwaro na awa 24, in rataye shi daidai tsayin hancin mai tuƙin tuwo, ba a tsakar gida ba, in ajiye matacin ƙura kusa da shi don toka da baƙin hayaƙin da tulu ba ya ɗauka. A takardar da za ta raka shi zan rubuta irin itacen da aka ƙona, da ko ɗakin yana da taga, da yawan yaran da suka kwana a ciki.